Kanya a Gaɓar Rafi: Amfaninta ga Namun Dawa da Matsayinta a Aikin Dashen Itatuwa

Kanya bishiya ce 'yar asalin Afirka, tana cikin itatuwan da kakanni suka tarar a ƙasar Hausa. Masana tsirrai suna kiranta Diospyros mespiliformis, sunan da ya shiga littattafansu a shekarar 1844, a wasu sassan ƙasar Hausa kuwa kaiwa ake ce mata. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan da Habasha, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman, ta kuma gangara kudu har Namibiya da Afirka ta Kudu. Danginta a duniya sun haura nau'i 700, galibinsu a ƙasashe masu zafi, kuma daga cikinsu ne ake samun baƙin katakon nan mai tsada na dazukan Kamaru da Gabon wanda ake yin kayan kiɗa da shi. J. M. Dalziel ya sanya ta cikin ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916. A arewa maso yammacin Jihar Jigawa ba ta buƙatar gabatarwa, tunda garin Kanya Babba na Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura sunanta yake ɗauke da shi.

Idan ta sami wuri mai danshi takan kai tsawon mita 15 zuwa 25, wani lokaci ta zarce haka. Gindinta miƙaƙƙe ne, ɓawonta baƙi-baƙi mai kaushi da tsage-tsage, kanta kuma a cunkushe yake da ganye, shi ya sa inuwarta take da duhu da sanyi. Ba ta yin tsirara gaba ɗaya kamar kuka. Tsohon ganye yana zuba sabo yana maye gurbinsa, kuma sabon tohon yakan fito da ja-ja kafin ya koma kore shar. Furenta ƙanana ne, farare masu ƙamshi. 'Ya'yanta kewayayyu ne, faɗinsu bai cika wuce santimita biyu da rabi ba, suna farawa kore sannan su koma rawaya idan sun nuna, da ƙwallaye masu sheƙi daga uku zuwa shida a ciki. Ɗanyen yana da ɓauri mai ɗaure baki, nunannen kuwa zaƙi gare shi.

Akwai wata ɗabi'a tata da ya kamata duk mai niyyar dasa ta ya sani tun farko. Kanya tana da mace da namiji, kowanne bishiyarsa daban. Namijin yana yin fure a dunƙule, amma ba ya 'ya'ya har abada. Macen tana yin furenta ɗai-ɗai, kuma ba za ta ɗaura 'ya'ya masu ƙwallon kirki ba sai ƙudan zuma da sauran ƙwari sun kawo mata garin fure daga namiji. Manomi da bai san wannan ba yakan dubi kanyar da ta shekara aru-aru ba ta taɓa haihuwa ba, ya ce juya ce, ya sa mata gatari. Daga nan sai matan da ke kewaye da ita su rage haihuwa, ba tare da kowa ya gano dalili ba. Wannan asara ce da ilimi kaɗan zai iya hana ta.

Mazauninta na ainihi shi ne inda ruwa yake kusa: gaɓar rafi, bakin tafki, gefen fadama, da gindin duwatsu inda ruwan sama yake taruwa a tsaguna. Ana kuma yawan ganinta a kan tsohon suri, domin gara tana tono yumɓu da sinadarai daga ƙarƙashi, ƙasar surin tana riƙe laima, tudunsa kuma yana ɗaga ƙaramin tsiro daga ambaliya. Yanayin ƙasar arewa maso yammacin Jigawa ya dace da ita ta fuska biyu. Ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa tana kan tsohon dutse, da tsaunuka da kwaruruka da ƙoramu masu gudu da ƙarfi a damina. Idan aka nufi gabas wajen Ɓaɓura sai dutsen ya nutse, jigawa da rairayi su mamaye. Koguna irin su Gari da Tomas suna gudu ne a damina kawai, da rani kuwa ruwan yana kwance ƙarƙashin yashi, inda masu lambu suke tona rijiyoyi marasa zurfi su same shi. Ruwan saman da yankin yake samu a shekara yana tsakanin milimita 600 zuwa 800, kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba. Bishiyar da za ta zauna da ganye a sauran watannin sai mai doguwar saiwa da ta isa wancan ruwa na ƙarƙashi, kuma kanya tana da ita.

Babban amfaninta ga namun dawa yana cikin lokacin da take nuna. A ƙasar Hausa 'ya'yan kanya suna nuna ne da kaka zuwa hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe, an kwashe amfanin gona, ƙwari sun ragu, daji ya fara tsananta ga duk mai neman abinci a cikinsa. Bishiya guda babba takan ɗauki makonni tana zubar da 'ya'ya, domin ba sa nuna gaba ɗaya. Saboda haka ba biki na kwana biyu take yi ba, ciyarwa take yi mai ɗorewa. Hausawa sun daɗe da lura da wanda ya fi kowa ɗokinta, shi ya sa ake cewa kanya ta nuna biri ya karye. Jan biri da kirka da gwaggon biri duk suna hawanta. Da rana cilakowa da tsirya da wata kurciya mai launin kore suna yini a kanta, kurege yana kai da komo a rassanta. Da dare jemagu suke karɓar aikin. Abin da ya faɗo ƙasa kuma rabon dila ne da tunku da gada da mazo da gadu, a inda suka rage. A kudancin Afirka ganin ƙwallayenta a kashin dila ya yi yawa har aka laƙaba mata sunan dilan.

Ba abinci kaɗai take bayarwa ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wannan yanki, inuwa mai duhu tana iya zama abin da ya raba ƙaramar dabba da mutuwa. Tsuntsaye suna fakewa a cunkoson ganyenta daga shaho, tsofaffin bishiyoyi kuma suna yin kogo inda mujiya da tsirya da ƙudan zuma suke zama. Guza yana samun mafaka a tsakanin saiwoyinta da ruwa ya tone. Furenta yana ba ƙudan zuma abinci a ƙarshen rani, shi ya sa mai amya yake son rataya amyarsa a kanta. Ungulu ma tana da alaƙa da ita. Irin ungulun da a da take cika mahautai da kasuwannin Kano da Kazaure ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya tun 2015, kuma a yankin gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu an lura cewa yawancin sheƙunanta a kan kanya suke. Abin da ya kashe ungulu a Nijeriya ya haɗa da guba da farautarta domin tsibbu, amma ko da an hana waɗannan, tsuntsuwar da ta fi yin sheƙa a kan doguwar bishiya mai duhun ganye da wuya ta dawo inda aka sare irin wannan bishiya.

Dabbobin nan kuma su ne masu shuka ta. Ƙwallon da ya faɗi a gindin uwa ba ya cika rayuwa, domin inuwa ta yi masa yawa, ƙwari da ɓeraye kuma sun san wurin. Wanda biri ko dila ko jemage ya haɗiye ya je ya kayar da shi a nesa, cikin taki, a bakin wata ƙorama ko kan wani suri, shi ne mai damar zama bishiya. Ke nan idan farauta da ƙunar daji suka kori waɗannan dabbobi daga wani yanki, kanyar da ke tsaye za ta ci gaba da haihuwa kowace shekara, amma zuriyarta ba za ta yaɗu ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a gonaki da yawa na ƙasar Hausa ake ganin manyan kanyoyi tsofaffi, ba matasa a bayansu. Mai wucewa yana ganin bishiyoyi sai ya ɗauka lafiya lau ne, alhali gari ne na tsofaffi zalla, ba yaro ko ɗaya.

Amfaninta ga mutane sananne ne, ba ya buƙatar dogon bayani. Yara suna cin 'ya'yanta, ana tallarsu a kasuwanni, ana kuma busar da su a ajiye. Katakonta yana da nauyi da ƙarfi, gara ba ta cika cinsa ba, don haka masassaƙa suke yin turmi da taɓarya da ƙota da kujera da shi, magina kuma su yi ginshiƙi. Ba kowace kanya ce take da baƙin katako a tsakiyarta ba, sai wadda ta tsufa ƙwarai. Masu maganin gargajiya suna amfani da ganye da ɓawo da saiwarta wajen zazzaɓi da atini da wankin rauni, kuma binciken kimiyya ya tabbatar da cewa akwai sinadarai masu yaƙar ƙwayoyin cuta a jikinta, ko da yake wannan bai mayar da ita madadin asibiti ba. Inda matsala take shi ne yadda ake ɗibar ɓawon. Idan aka kewaye gindi da sassaƙa aka haɗe, an yanke hanyar da abinci yake bi daga ganye zuwa saiwa, bishiyar kuma za ta mutu a tsaye. Ɗiba daga gefe guda, a tsaye, a bar sauran ya warke, ita ce hanyar da ba ta kisa.

Aikin da ya fi muhimmanci ga wannan yanki, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne riƙe gaɓa. Ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun Kazaure da Roni suna zuwa da ƙarfi bayan ruwan sama mai yawa, ƙasar rairayi kuwa ba ta da abin da za ta kare kanta da shi. Saiwoyin manyan itatuwa suna saƙe ƙasar gaɓa su ɗaure ta, kututtura da ƙananan tsirrai da ke tsakaninsu suna rage gudun ruwa, ruwan da ya lafa kuma yana ajiye laka, yana samun lokacin nutsewa ya ƙara wa rijiyoyi. Inda aka share gaɓa har bakin ruwa domin shuka tumatir da albasa da attaruhu, ko aka kwashe yashin rafi da manyan motoci, gaɓar tana rushewa kowace damina. Gona tana raguwa, kwazazzabo yana buɗewa, ƙasar da ta zaizaye kuma tana tafiya ta cike madatsun ruwa irin na Kazaure da Gari da Tomas. Ambaliyar 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ta isa tunatarwa cewa ruwa ba rashinsa kaɗai ne abin tsoro a wannan jiha ba. Itatuwa ba za su hana babbar ambaliya ba, amma gaɓar da ke da kanya da giyayya da ɓaure da marke da ɗinya ba ta tafiya da sauƙi kamar wadda aka bari tsirara.

Raguwar waɗannan itatuwa tana da tarihi. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun kashe bishiyoyi masu yawa a arewacin Kano na wancan lokaci, wanda ya haɗa da wannan yanki kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Bayan haka jama'a ta ƙaru, gonaki sun ci kurmi, injin ban ruwa ya sa noman rani ya matso har cikin rafi, buƙatar itacen girki da gawayi a Kano da sauran birane kuma ba ta taɓa raguwa ba. Katako mai nauyi kamar na kanya yana yin gawayi mai kyau, wannan kuwa bala'i ne gare ta.

Shirye-shiryen dashen itatuwa da aka yi domin maganin hamada sun fi karkata ga baƙin itatuwa masu saurin girma. Darbejiya, wadda asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta ne, an shigo da ita Borno a 1928, yanzu kuwa ba garin da ba ta. Turare daga Ostareliya yake. Ba adalci ba ne a raina su: darbejiya ta ba garuruwa inuwa a lokacin da suke matuƙar buƙata, jemagu da tsuntsaye ma suna cin 'ya'yanta, turare kuma yana ba da sandunan gini cikin 'yan shekaru. Sai dai turare yana shan ruwa da yawa, ƙarƙashinsa ba ya cika yin ciyawa, ba ya kuma ba biri ko cilakowa abin da za su ci, saboda haka bakin rafi da fadama ba wurinsa ba ne. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015 domin jihohi 11 na kan gaba wajen fuskantar hamada ciki har da Jigawa, da kuma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700, duk dama ce ta gyara wannan karkata. Matuƙar ana auna nasarar dashe da yawan tsiron da aka raba a shekara, kanya ba za ta taɓa shiga lissafi ba, domin ba ta sauri. Idan kuwa aka auna da abin da zai kasance a tsaye yana aiki bayan shekara 50, tana sahun gaba.

Dole a faɗi iyakarta. Inuwar kanya tana danne gero da dawa da gyaɗa, ba kamar gawo ba wanda yake zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana. Manomi mai ƙaramar gona yana da hujja idan ya ƙi ta a tsakiyar gonarsa. Wurarenta su ne gaɓar rafi, bakin tafki da madatsa, mashayar dabbobi, gefen burtali, kan iyakar gonaki, harabar makaranta, maƙabarta, filin idi da kasuwa. A bakin rafi ya fi kyau a bar wani ɗan zirin ƙasa ba noma, a cakuɗa ta da sauran itatuwan gaɓa, domin kowanne yana da lokacin nunarsa, kuma ta haka namun dawa suke samun abinci a yawancin watannin shekara.

Renonta daga iri ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ana tsinto 'ya'yan da suka nuna sosai daga bishiyoyi da dama, ba daga guda ɗaya ba, domin kada zuriyar ta zama 'yan gida ɗaya masu rauni iri ɗaya. A wanke naman a fitar da ƙwallo, a shanya a inuwa. Kilo guda yana ɗauke da ƙwallo kimanin 2,400 zuwa 3,200, wato mudu kaɗan sun ishi gandun reno na gari guda. Sabon iri ya fi tsira, don haka ba a son a ajiye shi ya shekara. Jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana yana taimaka masa, tsirowar kuma takan ɗauki makonni uku zuwa bakwai. Tun tana ƙarama kanya take tura saiwa ƙasa fiye da yadda take tura kai sama, saboda haka gajeriyar leda tana nannaɗe saiwar ta nakasa tsiron. A yi amfani da doguwar leda, ko kuma a shuka ƙwallon kai tsaye a inda ake so bishiyar ta zauna, uku ko huɗu a rami guda, daga baya a bar mafi ƙarfi. Lokacin dashe shi ne bayan damina ta kankama, a Yuli, ƙasa ta jiƙu sosai. Tazarar mita 8 zuwa 10 ta wadatar.

Shekarun farko su ne masu haɗari. Akuya da wuta sun fi fari kashe ƙaramar kanya. Tana buƙatar shinge na ƙaya ko na kara ko na tubali, da ban ruwa a ranin farko da na biyu, da share busasshiyar ciyawa daga kewayenta kafin lokacin ƙuna. Tunda ba a bambance mace da namiji sai sun fara fure, wanda yake ɗaukar shekaru, sai a dasa su rukuni-rukuni, biyar zuwa goma a wuri guda. Mai son tabbacin 'ya'ya yana iya gwada yi mata aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, da reshen macen da aka san zaƙinta. Wannan fage ne da makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura za su iya yin aiki mai amfani a kansa, musamman wajen zaɓo bishiyoyin yankin da suka fi zaƙi da yawan haihuwa.

Akwai hanyar da ta fi dashe arha, kuma an gwada ta a maƙwabta. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura a gonakinsu maimakon sare shi lokacin sharar gona, suna rage rassan su bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Hanyar ta bazu zuwa Damagaram, wadda ta yi iyaka da Ɓaɓura, har aka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200. Kanya tana toho daga kututture, tana kuma fitar da sabon tsiro daga saiwa. Tohon da ke kan tsohuwar saiwa ya riga ya isa ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka ba ya buƙatar ban ruwa, kuma yana girma da sauri fiye da tsiron leda. Yana da wani ƙarin alheri: jinsinsa na uwar kututturen ne, saboda haka idan dattawan wurin sun tuna cewa bishiyar da aka sare mai 'ya'ya ce, tohonta ma zai haihu.

Abin da ya sa hanyar ta karɓu a Nijar ya haɗa da cewa manomi ya sami tabbacin bishiyar da ya rena tasa ce. Haka ake buƙata a nan. Gaɓar rafi sau da yawa ba ta da takamaiman mai ita, kuma abin da ba shi da mai shi kowa yana ɗiba. Dagatai da masu unguwanni a masarautun Kazaure da Ringim, tare da malaman daji na ƙananan hukumomi, su ne suka fi dacewa su tsayar da ƙa'ida: faɗin zirin da za a bari a bakin ruwa, wanda ke da hakkin 'ya'ya da busasshen reshe, da tarar mai saran ɗanyar bishiya. Ya kamata makiyaya su zauna a wannan shawara tun farko, domin dabbobinsu ne suke bin gaɓar zuwa mashaya, kuma shingen da aka kafa ba da saninsu ba ba ya daɗewa. Matakin farko ba ya cin kuɗi: kowace unguwa ta ƙirga kanyoyin da suka rage mata, ta gane mata da maza a lokacin fure, ta kuma yi wa kututtura masu toho alama kafin sharar gona ta gaba.